Dawo da Baba Daga Zariya

Ni ne ɗan fari a gidanmu. Wanda bai tashi a ƙauye irin namu ba zai ce to sai me, amma a wurinmu magana ce mai nauyi. Tun da na yi wayo Baba bai taɓa kama sunana ba, bai kuma taɓa fuskantata ya ce in yi kaza ba. In yana son a kai taki gona, sai ya juya wajen ƙaninsa, wanda muke kira Baffa, ya ce a gaya wa yaron nan jakai na jira, alhali ga ni tsaye a gefensa har inuwarmu tana haɗuwa. Baffa ya juyo ya maimaita mini, ni kuma in amsa wa Baffa. Ba ƙi ba ne, kunyar ɗan fari ce, haka muka tarar. Inna kam har gara Baba, don ita in na shigo tsakar gida sai ta sami abin yi a madafa. Jikokina in na ba su wannan labari dariya suke yi har da riƙe ciki. Ku yi dariyarku, ja'irai, ku da kuke hawa kafaɗar ubanku kuna ja masa gemu.

Shekara uku ko huɗu bayan samun mulkin kai, yanar ido ta fara rufe wa Baba idon dama. Na hagu kuwa ya daɗe da tafiya. Wani mai cire yanar ido da ke bin kasuwanni ne ya soka masa tsinken ƙarfe a ciki, Baba ya ga haske kwana biyu ana ta murna, a na uku ido ya kumbura, daga nan bai sake ganin komai da shi ba. Saura ɗaya ke nan, shi ma ga shi yana dushewa kamar fitilar da mai ya ƙare mata. A daminar da ta gabata na ga abin da ya ɗaga mini hankali. Baba ya duƙa yana noma a gonar auduga, yana sare audugar yana barin ciyawa, layi guda cur. Mutumin da in ya hangi zangarniyar dawa daga nesa zai faɗa maka damin da za a ɗaure! Baffa ya bi bayansa ya sake shukawa. Da rani ya shigo kuwa, ko masallaci zai je sai ya lallaba bango.

Sai muka ji labarin wani mutumin Bakori da aka yi wa aikin ido a asibiti a Zariya, ya dawo har yana zura zare a allura. Baffa bai yarda da ji-ta-ji-ta ba, ya je da kansa ya gano mutumin. Da ya dawo aka zauna a zaure aka yanke shawara a kai Baba, kuma ni zan kai shi, don ni kaɗai na yi elemantare a gidan, ni zan iya karanta kati in san ɗakin da aka ce a shiga. Baffa ba zai bar gandu da iyali ba. Lokacin ina da shekara ashirin da shida, da mata da ɗa ɗaya, da zuciya a kusa wadda har yau ba ta sake ni ba.

Hanya biyu ce daga wurinmu zuwa Zariya, kuma mai tafiya a lokacin ba nisan Zariya yake aunawa ba, abin da ke tsakanin ƙofar gidansa da inda zai hau yake aunawa. Akwai jirgin ƙasa, amma sai ka kai kanka Funtuwa, tafiya tun daga fitowar rana har ta kusa take tsaka a kan jaki. Jaki kuwa ba ya mayar da kansa gida, dole ka tafi da wanda zai koro shi, ka ga mutum biyu sun bar aiki saboda tafiyar mutum ɗaya. Dawowa ta fi wuya, don ba wanda ya san ranar da za ka sauka balle ya tarye ka. Yanzu yaro ya ɗauke ka a babur kafin ka gama tauna goro kana Funtuwa, a lokacin ko keke guda biyu ne a duk ƙauyen.

Akwai kuma mota, irin manyan nan masu bodin katako, da ke tasowa daga Zariya su bi ta Funtuwa da Bakori su nufi Malumfashi. Ita tana wucewa ta wata mararraba a gindin tsamiya, daga can kana hango rimin ƙofar gidanmu. Shi ya sa mutanenmu, duk da sun san jirgi ya fi kwanciyar hankali, mota suke hawa. A jijjige su son rai, a zube su a gindin tsamiya, su karkaɗe riga su taka zuwa gida suna zagin direba, wata tafiyar kuma su sake hawa. Jirgi sai mai jinya, ko wanda ba abin da ke jiransa a gida.

A tafiya jirgi muka hau, don Baffa ya ce ba za a ɗora mai lalurar ido a kan buhuna ba. Jakanmu 'yan ɗaukar taki ne, ba su da mutunci ko kaɗan, sai aka aro macen jaki wurin wani Bamaguje maƙwabcinmu, tsohuwar jaka mai sanyin hali. Ya bayar da ita da zuciya ɗaya, har da sabon akumari, amma kowa ya san ƙa'ida, dabbar aro ba ta kwana a waje. Muka isa tashar Funtuwa aka ce jirgi ya makara. Muka jira har aka yi azahar rana ta karkata, Baffa ya dubi rana, ya dubi jaka, ya yi wa yayansa sallama ya juya. Jirgin bai zo ba sai washegari da hantsi.

Wannan shi ne zama na farko a rayuwata da muka kasance ni da Baba mu biyu, babu na uku. Wallahi da an ba ni gona guda a ce in nome ni kaɗai da ya fi mini sauƙi. Yana tsakiyar tabarma, ina bakin tabarma. In na sayo fura sai in ajiye ƙwaryar inda hannunsa zai taɓa, in yi gyaran murya. In yana son kewayawa sai ya ɗauki buta ya miƙe ya tsaya, ni kuma in kama bakin sandarsa in ja shi. In wani fasinja ya zauna kusa da mu, nan da nan bakin Baba ya buɗe, a yi ta hirar auduga da damina, har ya aiko mini da saƙo ta bakin mutumin. Mutumin na tashi shiru ya dawo. Na ƙirga katakan layin dogo har idona ya gaji, na sake ƙirgawa. A nan na rantse a raina ba zan sake irin wannan zama ba.

A Zariya muka yi kusan sati uku kafin layi ya zo kanmu. Shi yana ɗaki cikin marasa lafiya, yana da abokan hira dama da hagu, ni ina baranda tare da sauran masu jinya, muna dafa ɗan abin da za mu dafa a bayan katanga, saboda haka zaman bai yi mini nauyi kamar na tasha ba. Aka yi aikin da safe, aka fito da shi an naɗe kai da bandeji, aka kwantar da shi rigingine, aka sa 'yan buhunan yashi biyu a gefen kunnuwa don kada kai ya motsa. Kwana biyar yana haka, ko tari an ce ya danne. Ni ke ba shi koko da cokali, shi idonsa a rufe, ni nawa a ƙasa.

A kwana na shida likita ya zo aka warware bandejin, aka riƙe masa wani gilashi mai kauri a gaban ido, malamin asibiti ya ɗaga yatsu ya ce nawa ne. Baba ya ƙura ido, sannan ya ce uku. Malamin ya ƙara, ya ce biyar. Ya juya ido a hankali ya ce ga taga can, ga wani abu kore a bayanta, aka ce masa darbejiya ce. Ya yi ta hamdala. Idon ya biyo ta kaina ina tsaye a ƙarshen gado, ya ɗan tsaya, sai ya kawar. Na fita baranda na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina yaro, ban damu da masu kallo ba.

Malamin asibitin nan Bayarabe ne, amma a Funtuwa aka haife shi, uwarsa tana sayar da atamfa a kasuwa, Hausarsa har ta fi tawa daɗi. Da ya ji daga inda muka fito sai ya ɗauki Baba kamar ubansa, kullum sai ya tsaya sun taɓa hira, yana tsokanarsa wai in ido ya buɗe sai ya ƙara aure.

Ana haka sama ta canza. Kwana biyu kafin a sallame mu aka yi ruwa mai nauyi, da safe ƙamshin ƙasa ya cika barandar, duk manomin da ke jinya a wurin hankalinsa ya koma gida. Wani mutumin Maska da ya zo duba ɗan'uwansa ya ce ai can wajenmu ya fi sauka, mutane duk sun fita da sungumi. Ruwan shuka kuwa ba ya jiran kowa, kwana uku laima ta gudu, sai ka zauna jiran wani wanda ba ka san ranarsa ba. Gandu Baffa zai ji da shi. Amma ni ina da gayaunata, 'yar gonar kaina da na sha wahalar kai mata taki duk rani, kuma na san ba mai taɓa ta sai an gama gandu. Na kasa zaune na kasa tsaye.

Ranar sallama malamin ya sake naɗe idon, ya ba ni kwalbar magani da kati, ya tsayar da ni a gefen gado inda Baba ke ji sarai. Ya ce ɗinkin da ke cikin idon ya fi gashin kai siranta, kuma bai gama kamawa ba. Kada ya duƙa, ko salla a zaune zai yi da nuni, kada ya ɗauki ko buta cike da ruwa, kada a jijjiga shi. Ya tambaye ni da me za mu koma, na ce muna dubawa.

"Babu wani dubawa," ya ce. "Jirgi za ku hau. Na san hanyar nan, daga Funtuwa zuwa wajenku ko lafiyayye sai ya ji a haƙoransa. Ku sauka a Funtuwa, ku aika gida a kawo jaki, a ja shi a hankali kamar an ɗauko ƙwai. Ko kwana uku ne ku yi."

Na ce to, amma a leɓe ta tsaya, don ni tuni na gama lissafina. In jirgi ne, sai na ja Baba har Sabon Gari inda tashar take, mu jira shi har ya ga dama ya zo. Mu sauka Funtuwa, in nemi wanda zai kai saƙo gida a ranar da kowa ke gona. Saƙo ya isa, Baffa ya ajiye sungumi, a sake zuwa roƙon jakar Bamaguje. Kwana uku in an yi sa'a. Kwana uku ni da Baba a kan tabarma guda a tashar nan, laima tana gudu a gonata. Tashar mota kuwa ga ta nan ba nisa, kafin la'asar muna gindin tsamiya. Mai son abu ba ya rasa hujja, sai na ce wa raina zan nema masa gaba kusa da direba, in roƙi direban ya bi a hankali, ai mutum nawa ake dawowa da su daga asibiti a mota ba abin da ya same su.

Ina ɗaure kayanmu, Baba ya juya wajen maƙwabcin gadonsa, wani dattijo da ke jiran nasa aikin, ya ce, "Ni dai jirgin nan ya yi mini daɗi da muka zo. Ko ruwan buta bai zuba ba."

Na ji. Kai, na ji sarai, kuma na san da wa ake. Shekara ashirin da shida ina karɓar umarnin Baba ta wannan hanya, ko da jaki yake magana na san inda ta dosa. Amma dattijon baƙo ne, bai san ana juyowa a maimaita mini ba, sai ya ce ai jirgi ba shi da na biyu, ya ci gaba da jan carbinsa. Ni kuma na sunkuyar da kai na ci gaba da ɗaurin kaya, na ce a raina ai ba da ni aka yi ba. Abin da na yi ke nan, ba zan yi masa kwalliya ba. Kunyar da aka gada don a girmama juna ni na mayar da ita wurin ɓuya. Da Baffa yana wurin da ya juyo ya ce jirgi, shi ke nan an gama.

Na kama bakin sanda na ja shi a hankali. Tun kafin mu isa ya san inda muka nufa, don tashar mota ba ta ɓuya, ga ihun 'yan kamasho ga warin mai. Na ji sandar ta yi nauyi a hannuna, ya ɗan tsaya. Na jira ya yi magana. Da ya ce a'a, ko da iska yake, da na juya, haka nake gaya wa kaina har yau, ban sani ba ko gaskiya ne. Bai ce komai ba, sandar ta saki, muka shiga.

Gaba an riga an kama. Wani Alhaji ne mai fataucin goro a ciki, na roƙe shi, na nuna masa bandeji, ya ce shi ma bayansa ke ciwo, Allah ya ba da lafiya. Zuciya ta ɗebe ni na yaɓa masa wadda ba ta da daɗi, har sai da ɗan kamasho ya shiga tsakani. Direban da nake shirin roƙo kuwa ya riga ya ɗaure mini fuska, tunda na ci mutuncin babban fasinjansa. A nan ma ya kamata in juya, sai girman kai ya hana ni, na ga kamar in na fita da Baba za a yi mini dariya. Aka taru aka ɗaga shi zuwa baya, aka ba shi wuri a bencin farko, jikin katakon da ya raba mu da direba, inda aka ce jijjiga ta fi sauƙi. Na ninke bargo na sa masa a bayan kai. Kusa da shi wani dattijo ne mai komawa wajen Dayi, ni kuma ina fuskantarsu a kan buhun gishiri.

Daga Zariya zuwa Funtuwa kwalta ce, amma siririya, mota ɗaya take ɗauka. Duk sanda muka haɗu da wata sai direba ya sauke ƙafa biyu ƙasa, motar ta karkata ta yi tsalle ta koma. Duk sanda ta yi haka sai in ga Baba ya dafe bandejin da tafin hannu ya ciji leɓe. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Ina kallo, bakina ya yi nauyi, ban taɓa ce masa yaya jiki kai tsaye ba, ban ma san ta inda ake farawa ba. Mutumin Dayi ne ya lura, ya sa hannu ya tallafe masa ƙeya, haka ya riƙe shi har Funtuwa, mutumin da bai san mu ba bai san sunanmu ba.

A Funtuwa aka tsaya a sauke kaya a sha ruwa. Ga dama ta ƙarshe ta zo, in sauke shi nan, in nemi zauren da za mu fake, in aika a kawo jaka. Mafi munin hanya tana gaba, na sani, malamin ma ya faɗa. Sai na ji Baba ya ce wa mutumin Dayi, murya ƙasa-ƙasa, "Malam, tambayi yaron nan, ko da sauran tafiya?"

Baba fa! Mutumin da ya san kowace kuka da kowane rafi tsakanin Funtuwa da gida, ya bi hanyar da ƙafa sau ba adadi yana kai auduga. Ba nisa yake tambaya ba. Mutumin ya juyo ya maimaita mini, ya kuma ƙara nasa, ya ce tsohon nan yana jin jiki fa, a duba. Na leƙa waje. Gonakin bakin gari duk sun yi baƙi da laima, mutane a jere, mai sara na gaba mai zuba iri na biye.

"Kaɗan ya rage," na ce. "Yanzu za mu isa."

Baba ya ce to, madalla.

Bayan Funtuwa babu kwalta, burji ne, ruwa ya ci gefensa, gargada tun daga nan. Hadari ya haɗo a gabas, direba yana son ya kai Malumfashi kafin ya sauka, sai ya taka. Na buga katako na ce a rage gudu akwai marar lafiya, ko bai ji ba ko ya ji ya share. Mun wuce Bakori da kaɗan akwai wani kwalbati da ruwa ya zaizaye bakinsa. Motar ta faɗa ta tashi, duk muka bar mazauninmu, mata suka yi salati, hannun mutumin Dayi ya kuɓuce, kan Baba ya bugi katako. Ba wani bugu mai ƙarfi ba ne, da lafiyayye ne ko sosawa ba zai yi ba. Baba ya ce wash, sau ɗaya. Daga nan ya sauke hannunsa daga kan bandejin ya ɗora a gwiwa, bai sake dafewa ba har muka isa.

An sauke mu a gindin tsamiya kafin la'asar, daidai yadda na lissafa. Kafin mu kai ƙofar gida labari ya riga mu, Baffa ya taho daga gona da laka a ƙafa, Inna ta rangaɗa guɗa daga cikin gida. Baffa ya tambaya an dace, na ce an dace, a asibiti Baba ya ƙirga yatsu biyar, ya ga taga, ya ga itace. Aka yi ta barka da arziki. Baba ya ce a kai shi ɗaki, kansa na sarawa.

Washegari da safe na zo sa masa magani kamar yadda aka koya mini, na warware bandejin a gaban Baffa. Audugar ciki ta jiƙe da jini, idon ya yi ja wur ya kumbura. Baffa ya ɗaga yatsu a gabansa kamar yadda na ba da labari, ya ce, "Yaya, nawa ne?" Baba ya ce a buɗe ƙofa tukuna. Ƙofa a buɗe take, rana har bakin gado.

A take Baffa ya ajiye maganar shuka, ya je da kansa ya aro jakar, muka ɗora Baba muka nufi Funtuwa. Wannan karon jirgin ma bai makara ba. Su biyu suka hau, ni aka bari in koro jaka gida. Na yi tafiyar nan ni kaɗai, ban hau ta ba, ina gaba tana biye, ina wuce gonakin mutane suna yi mini sannu ina amsawa. Hanyar da na ga kamar ba za ta yiwu ba, ga shi na je na dawo cikin yini ɗaya rana ba ta faɗi ba. Bamagujen ya karɓi dabbarsa ya tambayi jikin tsoho, na ce da sauƙi. Washegari na shuka gayaunata, laima ba ta gudu ba tukuna. Dawar ta yi kyau a shekarar har ana zuwa kallo, ni kuwa ban ci tuwonta da daɗi ba ko sau ɗaya.

Kwana goma suka yi. Ranar da suka dawo zaure ya cika da masu jaje, don labari ya riga su, likita ya duba ya ce ɗinki ya ɓalle, jini ya cika ciki, ba abin da za a iya. Aka zaunar da Baba a kan buzu. Baffa ko ruwa bai sha ba. Ya ce malamin asibiti ya gaya masa da bakinsa an ce jirgi, an kuma nanata. Ya juyo kaina, ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba, ya ce in faɗa a gaban jama'a, wa ya ce a hau mota. Ina tsugune a bakin ƙofa. Na buɗe baki, ni kaina ban san abin da zai fito ba, sai Baba ya riga ni.

"Ni ne," ya ce. "Na ji ƙamshin ruwa, na ƙosa in zo gida. Yaron nan ya ce jirgi, na ƙi. Ɗa zai yi gardama da ubansa ne?"

Sai aka yi masa caa. Baffa ya ce haba Yaya, da girmanka, ido ɗaya ya rage maka ka sayar da shi a kan kwana uku. Liman ya ce a bar maganar, abin da Allah ya rubuta ba makawa. Wani tsoho abokin wasan Baba ya ce dama tun yana saurayi haka yake, ba ya jiran tuwo ya huce. Baba yana ta gyaɗa kai, har da ɗan murmushi, ya karɓe duka. Inna tana ji daga bayan danga, daga baya ta ce wa matata tsohon nan ya cuci kansa ya cuce mu.

Ni kuwa ina nan tsugune. Ba wata doguwar magana ake bukata ba, in ce ni ne, Baffa, shi ke nan. Sai na ce wa raina ba a ƙaryata uba a gaban mutane, bari su watse in sami Baffa shi kaɗai. Suka watse, na ce bari a gama shuka. Aka gama shuka, aka yi noma, aka yi girbi, ban faɗa ba. In na ce ladabi ne ya hana ni na yi ƙarya, tsoro ne kawai.

Shekara tara Baba ya yi bayan nan, a zaure, yana tufka igiya yana amsa sallamar masu wucewa gona. Bai taɓa tada maganar ba, ko da wani, ko da bango. Ya rasu, Baffa ya bi shi, Inna ta bi su, duk sun tafi a kan cewa gaggawar tsoho ce ta cinye masa ido. Har yau a ƙauyenmu in wani ya cika sauri, manya sukan ce masa ya bi a hankali kada ya yi irin ta wane, su kama sunan Baba.